Ƙwaryar Barmani da akwatinmu

Ƴan uwana mata, na Dogon Dutsi da Matankari da Kiyeshe, na Tibiri da Dumega da Kore Mai Ruwa, da duk inda takardar nan ta iske ku. Allah ya sa abin da anka yanka ya kai mu wata daminar.

Hatsi ya shiga rumbu, kun kuwa san abin da ke biyo bayansa. Goron gayyata ya fara yawo gida-gida, wannan za ta aurar da ɗiya, waccan suna, wata kuma ɗanta ya dawo daga ci-rani da kuɗin sadaki. Shi ya sa zancena na wannan wata a kan wata tsohuwa yake, wadda ba ƴar Arewarmu ba ce, ba ta kuma taɓa zuba ko dala a akwatin ɗayarmu ba, amma hannunta na cikin akwatunanmu dumu-dumu. Hajiya Sa'adatu nake nufi, Barmani Coge, mai kiɗan ƙwarya ta Funtuwa a jihar Katsina ta Najeriya. Ta rasu a 2013 bayan jinya, Allah ya jiƙanta. Amma ku shiga duk gidan bikin da kunka ga dama, in dai akwai manyan mata a ciki, kafin a sauke tukunya sai wata ta ce wa yaron da ke riƙe da salula, kai sa muna Barmani.

Mu da munka yi wayo ƙarshen zamanin Kunce da farkon na Ali Saibu, a kaset munka san ta. Ƴan ci-rani da fatake ke kawo kaset ɗin daga Sakkwato da Argungu. Rakoda ta maigida ce, batir ma nasa ne, shi kuwa abin da yake so Shata da Ɗan Ƙwairo. Sai ya sa ƙafa waje, ya tafi gona ko kasuwa, iyayenmu mata su fiddo nasu kaset daga ƙarƙashin katifa. In waƙa ta ƙare ba a yarda inji ya mayar da ita baya, don kada batir ya ci wuta maigida ya gane. Mu yara ake miƙa wa bik mu zura a ramin kaset mu yi ta juyawa. Batir ɗin da ya mutu kuma a shanya shi a rana, wai ya farfaɗo. Da haka waƙoƙinta sunka shiga kunnenmu tare da ƙarar turmi, tun ba mu san ma'anar rabin abin da take faɗi ba. Wani rabin ma sai da munka yi aure munka gane dalilin da ya sa iyayenmu ke kwashewa da dariya suna rufe baki da gefen zane.

Har yau ni ba na iya matsar man gujiya shiru. In na zauna gaban tunkuza sai na jingina salula a bango na sa ta, hannu na bin kiɗa, aiki na tafiya. Ɗiyata ta sha ce mini, Inna, waƙoƙin duniya duk sun ƙare ne? Na ce mata ta bar ni. Waƙoƙin fim ɗin da take so ban ce ba su da daɗi ba, amma muryoyin duk an bi da su ta cikin inji, sun fito sumul kamar an zuba su a kwano ɗaya, ba ka sanin wadda ta taɓa kwana da yunwa a cikinsu. Muryar Barmani kuwa ta macen da ta haifa ta yaye ce, ta yi faɗa da maƙwabciya ta shirya, ta san kuɗin gishiri. In tana waƙa kamar ƴar tsakar gidanku ce ta jawo kujera. Wuraren da bakinta ya yi kaifi, in yara na kusa, rage murya nake. Wannan ma daga iyayenmu na gada. Zancen halaccin kiɗa kuwa na bar wa malamai, kowa ta san abin da malaminta da maigidanta sunka ce mata.

Wata ɗabi'ar da na san daga wajenta ta ƙara kama ni ita ce son ƙwarya. Fura a roba ba ta kashe mini ƙishirwa. A dama mini a ƙwarya, da ludayin duma, ko nono bai yi yawa ba na sha na gode Allah. Kakanninmu da jeren ƙorai anka kai su ɗaki. Iyayenmu da tasoshi da kwanonin samira. Mu da kuloli. Ƴaƴanmu yanzu sai tangaran da ba a cin abinci a ciki, ana dai goge masa ƙura. Kowane zamani kayan jere na ƙara tsada, amfaninsu na raguwa. Ƙwarya kuwa an mayar da ita abin awon dusa.

To ku dubi abin da matar nan ta yi da ita. Kiɗan amada ba ya son fata, ba ya son maƙeri, ba a zuwa Kano sayen kayansa. Ƙorai ne ake kifewa a ƙasa, wata kuma a kife ta cikin masaki mai ruwa ta riƙa ba da babbar murya, a sami ƴan sanduna, a sami mata masu amshi, shi ke nan. Duk abin da ake bukata yana cikin madafar kowace mace. Ba ita ta fara ba, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga ta suna, kuma tun kafin su mata na kiɗa ƙwarya a cikin gida ranar suna da ranar kai amarya ba tare da kowa ya biya su ba. Abin da su Barmani sunka yi shi ne mayar da wasan tsakar gida sana'a. Matar aure ce, uwar ƴaƴa da yawa, ta tara mata suna yi mata kiɗa da amshi suna samun nasu, aka riƙa ɗaukar ta gari-gari, ta shiga kaset, ta shiga talabijin. In da a taronmu ta zo neman bashi ta ce jarinta ƙorai biyar da murya, ban san mu nawa za mu ɗaga hannu a ba ta ba.

Tana da waƙar da duk kun sani, A Kama Sana'a Mata. Ba sai na faɗa muku abin da ke ciki ba. Abin da nake so ku tuna shi ne, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da akwati mai kwaɗo uku da zubin mako-mako, zancen cewa mace ta nemi na kanta ba baƙo ba ne a kunnen iyayenmu. Sun riga sun ji shi da Hausa, da guɗa, daga bakin mace irinsu. Tsarin akwati ya bazu ƙasashen Afirka da yawa daga nan Nijar, abin alfahari ne. Amma ni a ganina ƙasar da anka shuka shi a ciki, irin su Barmani sun taya nome ta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kiɗan da ya ce mana mu kama sana'a, shi ne dai kiɗan da ke sa mu kwance bakin zane. Mawaƙiya ba ta cin iska. Abincinta liƙi ne, kuma gwanintarta ita ce ta san yadda za ta kira sunan mace, ta haɗa da na ubanta da na garinsu, har matar ta ji ƙafarta ta ɗauke ta zuwa tsakiyar fage ba ta shirya ba. Ban ga laifin Barmani ba ko kaɗan. Hajarta take sayarwa, ta kuma iya talla. Mu ne masu saye. Mun ɗauki son sana'a daga wajenta, mun kuma ɗauki son a gan mu a fage, kuma na biyun ya fi na farkon saurin kamawa. Ita ta tafi, ɗabi'ar ta zauna. Yau ko zabiya babu a wurin, yaro ne da manyan sifiku da makirfo, bai san sunan kakan kowa ba, takarda ake miƙa masa yana karantawa, amma hannunmu bai daina zuwa bakin zane ba.

A wata ƙungiya da nake taya duba littafi, bara war haka, wata ƙanwata ta karɓi jika 20 ta ce gujiya za ta saya tun tana araha, ta yi mai da ƙuli-ƙuli. Dokarsu irin tamu ce, kowace jika 10 tana dawowa da jika 1 a kanta duk wata. Satin nan aka yi bikin ɗiyar ƙawarta. Anko da ɗinki sun ci jika 12. Fage ya ci 5. Sauran ya tafi a lalle da kitso da kuɗin mota. Ko tiya ɗaya ta gujiya ba ta shigo gidan ba. Wata uku ana kiran sunanta ranar zubi tana sunkuyar da kai, bashi ya zama jika 26, daga ƙarshe ta kai akuyarta kasuwa, akuyar kuwa da ciki. Ba wannan ya fi ci mini rai ba. Ranar da ta karɓi kuɗin, akwai wata da ta nemi bashin irin dankalin turawa don garkarta, aka ce ta jira, akwati ya yi ƙasa. Kun san dankali ba ya jiran kowa, in sanyi ya wuce ya wuce. Da kuɗi sunka dawo lokacin shuka ya shige. Rawar dare ɗaya ta cinye akuya da abin cikinta da garkar wata baiwar Allah da ko bikin ba ta je ba.

Da na kawo wannan zance a taronmu, ban ambaci suna ba, sai babbarmu a shekaru, wadda duk muke ce wa Inna, ta ajiye carbinta ta ce, "Ke ɗiyata, tsaya. Mi kike so mu yi da kuɗɗin? Mu ci tuwo mu kwana, har mu mutu ba a taɓa kiran sunanmu cikin taro ba? Shekara talatin ina daka gidan wani, babu wanda yac ce mini sannu. Rana guda zabiya ta hwaɗi sunana da na ubana, gari duka ya jiya. Ke kin san daɗin wanga abu?"

Na ce, "Inna, na sani."

Na kuwa sani. Ku duba rayuwar mace a nan. Mijinta ba ya kiran sunanta in uwargida ce, sai dai ke, ko ya kira sunan yaro. Surukai amarya suke ce mata har ta yi furfura. Ƴaƴa su ce Inna, maƙwabta su ce uwar wane. Sunan da anka yanka mata rago dominsa sai ya kwanta kamar zanen da ke ƙasan adaka. Wanda bai san wannan ba shi ke cewa liƙi hauka ce. Ƙishirwa ce, kuma mawaƙan mata sun san rijiyar. Da na koma gida na yi ta juya maganar Inna, sai na ga wuri biyu ne kawai ake ɗaga murya a kira mace da cikakken sunanta a gaban jama'a. Ɗaya fagen biki. Ɗayan tabarmar zubi, lokacin da mai littafi ke kira ɗaya bayan ɗaya, kowa ta amsa ta miƙa nata. A fage ana kiran ki ki bayar ya tafi. A tabarma ana kiran ki ki bayar a rubuta, ranar rabo kuma a sake kiran ki ki karɓa da ƙari. Na lura matan da sunka daɗe a ƙungiya, waɗanda sunka saba jin sunansu duk mako, ba su cika rawar jiki a fage kamar sababbin shiga ba. Ban auna ba, ido ne kawai.

Don haka ni ba na cikin masu cewa a daina biki. An gwada. Tun zamanin Kunce hukuma ta sa doka don rage kashe kuɗin aure, ga mu nan har yau, sai abin da ya ƙaru. Kuma ba duk kuɗin da ke fita ranar biki ne asara ba, kada mu haɗa su a turmi ɗaya. Bikin da ke tsakanin ƙawaye, na kawo miki jika 1 ranar sunanki, ki kawo mini 2 ranar nawa, mu yi ta ninkawa har ya yi nauyi mu yanke mu koma ƙasa, wannan ai asusu ne tun kafin a ƙera akwati. Kakanninmu ba su iya rubutu ba amma ba wadda ke manta abin da anka kawo mata. Kuɗi ne da ke tafiya ya dawo ranar da kike bukata. Liƙi ba ya dawowa, amma in mai waƙa ta yi aikinta, ladan aikinta ne, kamar yadda ake biyan mai kitso. Wanda na rasa inda zan ajiye shi shi ne anko. Ba ya dawowa, ba ladan kowa ba ne sai mai kanti, kuma an ɗaura shi sau ɗaya ya zama tsohon yayi. Ina da zannuwa a adaka da in na gan su sunan amaryar kawai nake tunawa, wasu ma auren ya daɗe da mutuwa zanen na nan sabo.

Tun da ana zancen abin da na ɗauka da wanda na bari, akwai inda ni da Hajiya ba mu shan inuwa ɗaya, wato zancen kishiya. In ta kama kishiya da zambo har sai kin tausaya wa matar, mu kuwa mu yi ta shewa, kowa da wadda take hange a ranta. Daɗi gare shi, ba na musu. Amma a ƙungiyarmu akwai kishiyoyi biyu, kuma da gangan munka ba ɗaya makulli munka ba ɗayar makulli. Shekara huɗu ke nan ko dala ba ta ɓata ba, don babu mai sa ido kamar su. A gida ban san yadda suke kwana ba, ba ruwana. A tabarma dai in ɗaya ba ta da lafiya ɗayar ke kawo mata zubi. Ranar da anka sa waƙar kishiya a wani suna, tare na gan su sun tashi suna rawa, kowa na nuna ƴar uwarta da baki.

Ga abin da nake yi ni kaina, wadda ta ga ya yi mata ta ɗauka. Kafin na fita zuwa biki nakan zauna a ɗaki, inda babu kiɗa, na ƙirga abin da zan liƙa, na canza shi ƙanana, na ɗaure a bakin zane. Sauran kuɗi na bar su gida cikin adaka na kulle. In kiɗa ya yi daɗi hannu zai nema, sai ya tarar babu. Kuɗi ƙanana kuma sun fi daɗewa a fage, kina iya zagaye uku da abin da wata ta watsar a taki ɗaya. Anko kuwa na sanar da dangi da ƙawaye tun bara, sau biyu nake yi a shekara, wadda ta riga ta riga. An yi mini gunaguni wata biyu, an gaji an bari.

Abin da nake so shugabannin ƙungiyoyi su kai gaban mata kafin bukukuwa su yi zafi abu biyu ne. Na farko, a buɗe adashen biki daban, ko dala 20 ce a mako, wanda ba ya shiga akwati, ba a ɗora masa komai, mai biki ko mai zuwa biki ta kwasa ta yi abin da ranta ke so ba mai tambayar ta. Uwar kuɗi kuwa ta zama ta sana'a da garka da kiwo kawai, kuma wadda ta karɓa, mata biyu su raka ta ko su je su ga hajar da idonsu cikin mako guda. Na san za a ce wannan rashin yarda ne. Kwaɗo uku da ke jikin akwati ma ai ba don ana zargin ma'ajiya aka sa su ba.

Na biyun shi ne wanda ya fi zama mini a rai. Kuɗin da muke ba mai sifika, da na man injinsa, duk fita suke daga hannun mata. Alhali kusan kowace unguwa akwai tsofaffi biyu ko uku da sunka iya kiɗan ƙwarya, sun san kakan kowa, sun san wace zuriya ce ta zo daga Lugu, wace ce daga Bagaji, ba sai an miƙa musu takarda ba. Suna zaune ba mai neman su, wasu ko kuɗin zubi da ƙyar suke haɗawa. In ƙungiya ta tsayar da su, ta haɗa su da ƴan mata huɗu masu amshi su koya, duk ƴar ƙungiyar da ke da suna ko wunin amarya ta kira su, abin da anka liƙa a raba, kashi ɗaya nasu, kashi ɗaya adashen biki. Mai son sifika ya kawo abinsa da dare don samari. Wunin mata dai ya zama namu. Na tambayi ƴan matan gidanmu su shida, babu ko ɗaya da ta san yadda ake kife ƙwarya a ruwa ta ba da murya, ɗaya ma cewa ta yi ai sai ta nutse.

Mu a tamu ƙungiyar mun sa ranar gwaji, bayan zubin mako mai zuwa, in an rufe akwati an raba makullai. Inna ta ce ita za ta ja waƙa in dai ba za a ɗauke ta a salula a watsa a WhatsApp ba, mun yi mata alkawari. Ƙananan ƙorai muna da su. Wadda ke da babban masaki da ba ya yoyo ta taimaka ta zo da shi, namu ya tsage tun bikin bara, ɗinkin da anka yi masa kuma ba ya riƙe ruwa.